Tsufan Ido da Zaɓen Na'urar Karatu ga Dattawa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna tare da dattijo mai son karatu ya san yadda abin ke farawa. Da farko yakan miƙe hannu ya nisanta takarda daga fuskarsa, daga baya ya riƙa neman bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, a ƙarshe kuma ya kira ɗa ko jika ya ce a karanta masa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin mutumin da ya shekara hamsin yana karanta wasiƙarsa da kansa ya koma sai wani ya ga sirrinsa, kuma rubutun da ke jikin kwalbar maganinsa ma sai an taimake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani a duniya, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu raunin nasu irin wanda za a iya hanawa ne ko a gyara.

A yau akwai na'urorin lantarki da kan sauƙaƙa wa irin waɗannan dattawa karatu, kuma sau da yawa ɗalibi ko malamin makaranta ne ake tambaya a gida wacce ya kamata a saya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsufa yakan taɓa sassan ido daban-daban, kowane sashe kuma da irin taimakon da yake bukata. Saboda haka wanda ya san abin da ya sami idon, shi ne zai iya zaɓen na'urar da ta dace da shi.

Yadda Ido Ke Ganin Rubutu

Hasken da ya taso daga takarda yakan fara ratsa wani tantani garai-garai da ke gaban ido, wanda masana ke kira koniya. Wannan tantani shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske. Daga nan hasken ya bi ta ɗan baƙin ramin nan na tsakiyar ido, wanda za mu kira tagar ido, domin takan buɗe a cikin duhu ta tsuke a cikin rana. A bayan tagar akwai lensi, wato wani abu garai-garai mai tudu gaba da baya, wanda fāɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba. Shi ne ke ƙarasa tattara hasken a kan ratina, wato shimfiɗar ƙwayoyin gani da ke can bayan ido. Jijiyar gani kuma ita ke kai saƙon zuwa ƙwaƙwalwa.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, lensi yana sauya siffa. Idan za a dubi abu na kusa, wata 'yar tsoka da ta kewaye shi takan tsuke, sai ya ƙara tudu, ƙarfinsa ya ƙaru. Na biyu, ba dukkan ratina ke iya rarrabe haruffa ba. Wani ɗan wuri ne a tsakiyarta, mai suna makula, wanda fāɗinsa kamar milimita biyar ne, shi ke ɗauke da wannan aiki. Sauran ratina aikinta lura da motsi da abin da ke gefe.

Abin da Shekaru Ke Yi wa Lafiyayyen Ido

Ko da babu wata cuta, lensi yakan riƙa tauri tun daga ƙuruciya. Yaro ɗan shekara 10 yana iya ganin rubutu sarai a nisan santimita 7 daga idonsa. A shekara 20 nisan yakan kai santimita 10, a shekara 40 ya wuce santimita 20, a shekara 50 ya kai wajen santimita 40, a shekara 60 kuma ya kai mita ɗaya ko fiye. Tun da hannun mutum bai kai mita ɗaya ba, dole a nemi tabarau. Ana auna ƙarfin gilashin tabarau da ma'aunin diyofta, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a raba ɗaya da nisan da ake so a yi karatu, a ma'aunin mita. Santimita 40 daidai yake da mita 0.4, ɗaya kuma a raba da 0.4 ya ba da 2.5. Shi ya sa dattijo ɗan shekara sittin, wanda ke ganin nesa lafiya, yawanci akan ba shi tabarau mai lamba +2.50.

Bayan taurin lensi, tagar ido ma takan ƙanƙance da shekaru, lensin kuma ya riƙa komawa ruwan ɗorawa. Sakamakon haka, hasken da ke isa ratinar ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa ta ɗan shekara 20 ba. Ɗakin da jika ke ganin yana da haske, wurin kakansa duhu-duhu ne. Har ila yau, ikon rarrabe baƙi daga toka-toka yakan ragu, ta yadda rubutun da tawadarsa ta kwanta a kan takarda mai duhu, kamar ta jarida, yakan ɓace wa dattijo ko da haruffan manya ne. Hawaye ma yakan ragu, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, abin da kan sa ido yaji da ƙaiƙayi a lokacin hunturu.

Cututtukan da Ke Hana Karatu

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ita ta jawo kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta, gilukoma kuma wajen kashi 17. Binciken ya ƙara da cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda za a iya kauce mata ce.

Yanar ido ita ce dusashewar lensi. Maimakon ya tattara haske, sai ya watsa shi, kamar yadda ƙurar hunturu ke watsa hasken fitilar mota. Mai yana yakan ga hazo, kuma farar takarda mai ƙyalli takan kashe masa ido. Gilukoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, tana lalata jijiyar gani sannu a hankali, tana farawa daga gefe, ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ta fi yawa a tsakanin baƙar fata, tana kuma kama su da wuri. Ciwon sukari yakan lalata ƙananan hanyoyin jinin ratina, gani ya riƙa sauyawa daga rana zuwa rana. Akwai kuma lalacewar makula, inda mutum kan ga gefen shafi amma kalmar da ya zuba wa ido ta ɓace ko ta karkace.

A nan akwai gargaɗi babba. Na'ura tana iya ɓoye cuta. Dattijon da aka ƙara wa girman haruffa zai ji daɗin karatu, alhali gilukoma tana ci gaba da cin jijiyarsa. Yanar ido kuwa aiki ake yi mata, a cire lensin da ya dusashe a sa na roba, gani ya dawo. Sayen na'ura mai tsada ga wanda aiki yake bukata ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci. Don haka matakin farko shi ne a kai dattijo a auna idonsa, ko a asibitin da ke kusa ko a manyan wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ire-iren Na'urorin Karatu

Iri na farko shi ne na'ura mai tawadar lantarki, irin su Kindle da Kobo. An ƙirƙiro wannan fasaha ne a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Joseph Jacobson, aka kuma kafa kamfanin E Ink a 1997. Kamfanin Sony ya fitar da na'urar farko mai amfani da ita a Japan a 2004, Amazon kuma ya fitar da Kindle a 2007. Fuskar na'urar cike take da miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowanne kaurinsa kamar na silin gashi. A cikin kowane ƙwanso akwai ruwa mai ɗauke da fararen ƙwayoyi da baƙaƙe, masu cajin lantarki kishiyar juna. Idan aka aiko da lantarki, sai farare su taso sama baƙaƙe su nutse, ko akasin haka, harafi ya bayyana. Da zarar ƙwayoyin sun zauna, ba su bukatar wuta sai za a juya shafi. Wannan shi ya sa cajin batirin kan yi makonni, kuma ana iya karatu da ita a tsakiyar rana kamar takarda. Tun daga 2012 aka fara sa wa Kindle 'yan fitilu a gefe masu haska shafin daga gaba. Rauninta shi ne farinta bai kai fari fat ba, baƙinta kuma bai kai baƙi ƙirin ba.

Iri na biyu shi ne kwamfutar hannu mai faffaɗar fuska, irin su iPad da ta fito a 2010, da takwarorinta masu manhajar Android. Ita haskenta daga cikinta yake fitowa, saboda haka bambancin baƙi da fari a kanta ya ninka na tawadar lantarki sau da yawa. Ana iya buɗa yatsu biyu a ƙara girman kowane abu nan take. Sai dai batirinta awa goma ne ko kusa da haka, tana ƙyalli a rana, kuma nauyinta ya kusa rabin kilo, alhali mai tawadar lantarki wajen giram 200 ce.

Iri na uku shi ne wayar hannu. Tana da duk dabarun kwamfutar hannu, amma fuskarta ƙarama ce. Idan aka girmama haruffa sosai, layi ɗaya ba zai ɗauki fiye da kalma biyu ko uku ba, sai karatu ya zama wahala. Amfaninta babba shi ne kyamararta, wadda za a iya haska rubutun kwalbar magani ko rasit da ita a girmama shi. Akwai kuma na'urar girmama rubutu ta musamman, mai kyamara a ƙasa da fuska a sama, wadda ake ɗorawa a kan littafin takarda.

Wace Na'ura ga Wane Ido?

Dattijon da taurin lensi kaɗai ke damunsa, tabarau mai kyau da na'ura mai tawadar lantarki sun ishe shi, musamman inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Ya dai tabbata tana da fitilar gaba, domin idonsa na bukatar ƙarin haske.

Wanda ikon rarrabe baƙi da toka-toka ya ragu gare shi, kamar mai gilukoma ko mai ciwon sukari, yawanci kwamfutar hannu ta fi taimaka masa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mainz ta ƙasar Jamus, aka buga a 2013, ya auna motsin ido da aikin ƙwaƙwalwar masu karatu. An gano cewa dattawa sun fi saurin karatu, kuma da ƙarancin wahala, a kan kwamfutar hannu fiye da takarda ko tawadar lantarki, duk da cewa da aka tambaye su sun ce takarda suka fi so. Masu binciken sun danganta wannan ga ƙarfin bambancin baƙi da fari a fuskar kwamfutar. Matasa kuwa ba a ga wani bambanci gare su ba.

Mai yanar ido da ke jiran aiki, abin da ke damunsa shi ne watsuwar haske. A nan akan juya launi, rubutu ya zama fari a kan baƙin shafi. Ta haka hasken da ke shiga ido ya ragu ƙwarai, hazo ma ya ragu. Kwamfutocin hannu da yawancin na'urorin tawadar lantarki na yanzu suna da wannan tsari.

Wanda makularsa ta lalace yana bukatar haruffa manya ƙwarai, domin ya yi karatu da gefen ratina, saboda haka babbar fuska ta inci 10 ko fiye ita ta dace da shi. Idan abin ya yi nisa, sai a koma ga kunne. Wayoyi da kwamfutocin hannu suna da manhajar karanta rubutu da murya, wato VoiceOver a na'urorin Apple da TalkBack a na Android. Sai dai a gwada muryar da rubutun Hausa kafin a dogara da ita, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar gari, alal misali, tana iya nufin inda mutane ke zaune, tana kuma iya nufin abin da ake tuwo da shi, kuma muryar da aka horar da Turanci ba ta san wannan bambanci ba.

Abubuwan Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Na farko shi ne girman haruffa. Masana ido suna da ƙa'ida cewa domin mutum ya yi karatu mai tsawo ba tare da gajiya ba, haruffan su ninka mafi ƙanƙantar rubutun da yake iya gani sau biyu ko uku. A sa dattijo ya sa tabaransa, a rage haruffa har inda ya fara kasawa, sa'an nan a ninka. Idan a wannan girma layi yana ɗaukar kalma biyar ko shida, fuskar ta ishe shi. Idan ba ya ɗauka, a nemi babba. A duba kuma ko ana iya ƙara kaurin haruffa da tazarar da ke tsakanin layuka.

Na biyu shi ne irin littattafan da zai karanta, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Littafin lantarki mai tsarin EPUB kamar ruwa yake, yana bin siffar mazubinsa: idan aka girmama haruffa, layuka sukan sake jeruwa da kansu. Mai tsarin PDF kuwa shafinsa a daskare yake. Shafin takarda mai girman A4 fāɗinsa santimita 21 ne, fuskar na'ura mai inci 6 kuwa wajen santimita 9 ce, wato rubutun zai ƙanƙance ya koma ƙasa da rabin girmansa. Littattafan ajami da na Larabci masu rubutun hannu irin na ƙasarmu, da tsofaffin littattafan Hausa da yawa, hoton shafukansu aka ɗauka, don haka ba su sake jeruwa. Dattijon da waɗannan ne karatunsa, babbar kwamfutar hannu ita ce tasa, ko da kuwa idonsa bai yi rauni sosai ba.

Na uku shi ne haruffan Hausa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane zubin haruffa ke ɗauke da su ba. A wasu na'urori sukan fito a matsayin ɗan akwati, ko su bambanta da sauran haruffan kalmar. A buɗe rubutun Hausa a gani da ido kafin a saya.

Na huɗu shi ne hannu. Tsufa ba ido kaɗai yake taɓawa ba. Mai ciwon gaɓoɓi ko rawar hannu zai sha wahala da na'urar da sai an shafi fuskarta, domin yatsa kan zame ya buɗe abin da ba a nufa ba. Na'ura mai maɓallan juya shafi ta fi masa sauƙi, mai nauyi kuma a samar mata abin jinginawa a kan tebur. A duba ma ko rubutun umarnin na'urar kansa yana girma, domin a wasu na'urori haruffan littafi kaɗai ke girma.

Duk waɗannan ba su yiwuwa sai an tafi da dattijon ko an aro masa irin na'urar ya gwada na 'yan kwanaki, a ɗakin da ya saba karatu, da littafin da ya saba karantawa. Sayen na'ura ga idon wani ba tare da shi ba, sayen kifi a ruwa ne.

Kula da Ido Bayan an Saya

Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma idan ya zuba wa rubutu ido ƙiftawar takan ragu sosai, ido ya bushe. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Game da dare kuma, wani bincike na Jami'ar Harvard da aka buga a 2015 ya nuna cewa waɗanda suka yi karatu a kan iPad na awa huɗu kafin kwanciya sun ƙara wajen minti goma kafin barci ya ɗauke su, kuma sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu a jikinsu, idan aka kwatanta da lokacin da suka karanta littafin takarda. Saboda haka da dare a rage hasken fuskar, a mai da shi ja-ja. Kada kuma a bar kowace na'ura a cikin rana ko a cikin mota a rufe, domin zafi yana kashe batir.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya yana iya tabbatar wa ɗalibansa taurin lensi da rula da guntun jarida kawai. Ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya matso da rubutun a hankali har ya fara dusashewa, abokinsa ya auna nisan daga ido zuwa takarda. Daga nan kowa ya je gida ya auna na iyayensa da kakanninsa, ba tare da tabarau ba, ya rubuta shekarun kowa da nisan da aka samu. Idan aka tara sakamakon ajin duka aka zana shi a jadawali, za a ga layin yana hawa a hankali har wajen shekara 40, daga nan ya miƙe sama. Ɗalibin da ya sami dattijon da idonsa ɗaya ya fi ɗaya rauni ƙwarai, ko wanda ba ya ganin rubutun a kowane nisa, ya sanar da manyan gida domin a kai shi asibiti.

Kammalawa

Mun ga cewa taurin lensi tabarau yake bukata, ƙanƙancewar tagar ido tana bukatar haske, yanar ido tana bukatar aiki, lalacewar makula kuma tana bukatar manyan haruffa ko murya. Babu na'ura ɗaya da ta fi kowace ga kowa. Tsarin da ya kamata a bi shi ne a auna ido, a san irin karatun da dattijo ke yi, sa'an nan a ba shi na'urar ya gwada da hannunsa. Bayan an saya kuma, ɗalibin da ya iya na'urar ya zauna da shi ya koya masa cikin haƙuri, ya maimaita masa sau nawa ya bukata, kamar yadda shi ma aka zauna da shi lokacin da yake koyon baƙi da wasali.